Wata Bakwai da Na Yi a Cikin Matattu

Ni da ɗan baffana sunanmu ɗaya, sunan kakanmu aka sa mana. Ni a Didawure aka haife ni, cikin Sokode. Shi kuwa a hanya aka haife shi, a wani ƙauye na Nijeriya, lokacin da baffa yake fataucin goro da iyalinsa. Da aka sa ni makarantar boko, mahaifina ya je kotu da shaidu biyu aka yi mini jujuma, wato takardar da alƙali ke bayarwa a madadin ta haihuwa ga wanda ba a rubuta shi da wuri ba. Shi ba a yi masa ba, don allo kawai ya yi, daga nan sai tasha.

Da ya iya tuƙi aka ce masa ba farmi, wato lasin tuƙi, sai da takardar haihuwa. A lokacin ban daɗe da samun aikin planto a wani ofishin gwamnati ba, ina kai wasiƙu daga wannan tebur zuwa wancan. Mahaifina ya kira ni zaure ya ce in ɗauko jujumata in ba ɗan'uwana ya yi amfani da ita. Na ce, "Baba, in aka gane fa?" Ya ce wa zai gane, yaron Dapaong zai tafi, ni kuma ina nan Sokode. Suna ɗaya, kaka ɗaya, me aka sata? A zango a wancan zamani wannan ba abin magana ba ne. Takarda kamar tsani take ko babbar tukunya, mai ita yana ara wa wanda ba shi da ita. Na ɗauko na ba shi da hannuna.

Tun daga ranar ban sake samun cikakkiyar natsuwa ba. Ni mutum ne mai yawan tsoro, musamman tsoron takarda. Aji shida na yi na tsaya, ina karanta Faransanci a hankali da yatsa a kan layi, amma na san abin da hatimi yake nufi. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina ɗaukar wasiƙun mutane ban ɓatar da ko ɗaya ba. Duk ranar da shugaban ofis ya kira ni ba tare da wasiƙa a hannunsa ba, sai in ce shi ke nan, an gano mu biyu ne.

Shi ɗan'uwan nawa bai taɓa damuwa ba. A kan wannan takarda ya yi farmi, ya yi katin ɗan ƙasa, ya ɗaura aure a meri, ofishin magajin gari, bayan na masallaci, ya rubuta 'ya'yansa biyar, daga baya ya sayi babbar motar kaya ya sa sunansa a takardunta. Ni kuwa auren masallaci kaɗai na yi da maiɗakina. Na ji tsoron in je meri a buɗe littafi a ce ai ina da mata a Dapaong. In ya biyo ta Sokode da lodi yakan tsaya gidanmu da zabi biyu da albasa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mai takarda, kana nan? Kada ka kuskura ka mutu ban shirya ba, don da ni za ka tafi." Ya yi ta dariya, ni ina ce masa ya rage murya saboda maƙwabta. Ina son sa. Wannan zan faɗa tun yanzu, don abin da zai biyo baya ba da shi na yi ba.

Da na yi ritaya aka yanka mini fansho. Ba shi da yawa, amma nawa ne, guminsa na yi. Kowane ƙarshen wata nakan taka zuwa ofishin fansho in zauna a benci ƙarƙashin bishiyar mangwaro tare da sauran tsofaffi, tsohon malamin makaranta, tsohon magatakardan kotu, da wasu da suka yi aikin hanya. Ina da wata jakar roba mai zif da nake zuba takarduna duka, ba na zuwa ko'ina ba tare da ita ba. Da idona ya fara rauni, na rubuta lambar fanshona da manyan baƙi da jan biro a gefen katin, don kada in yi kuskure in an tambaye ni.

Ciwon suga ne ya ɗauke ɗan'uwana. Da safe aka bugo mini, na shiga mota, muka bi ta Kara da Kante da Mango, ban isa Dapaong ba sai da aka riga aka kai shi. Na zauna gidan har sadakar bakwai.

Babban ɗansa ya haura shekara talatin. Wannan yaro a gidana ya yi ajinsa biyu na ƙarshe na firamare, tuwona ya ci, maiɗakina ta yi masa wanki. Ranar uku na ja shi bayan motar ubansa na zayyana masa komai, ko da yake na san ya sani. Na roƙe shi kada ya kai takardar nan meri a rubuta rasuwa sai mun zauna mun nemi shawarar wanda ya san doka, domin in aka rubuta, ni aka binne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Baba, ai ni ɗanka ne. Ba zan ɗaga ƙafa ba sai ka ce." Sai ya dubi jakar da nake rungume da ita a cikin cunkoson masu gaisuwa, ya ce in kawo ya kulle mini ita a durowar mahaifiyarsa kada ta salwanta. Na ji daɗin hankalinsa, na ba shi. Ranar bakwai ya dawo mini da ita, na ƙirga takardun sau biyu, suna nan cif.

Wata biyu suka wuce lafiya, ina karɓar kuɗina. A na uku, matar da ke taga ta buga lambata a na'ura, ta dube ni, ta sake duba na'urar, ta tashi ta kira shugabansu. Wani saurayi ne mai ladabi. Ya shigar da ni ofishinsa, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. A wurinmu mai wannan lamba ya rasu."

Ya buɗe dosiye, wato fayil ɗin takarduna, ya juya mini shi. Ga takardar rasuwa daga Dapaong, da sunana, da sunan mahaifina, da na mahaifiyata. Ga takardar auren meri. Ga kuma takardar neman rabon fansho na matar mamaci, da dangwalen yatsa a ƙasa. A bayanta akwai kwafin katin fanshona. Jan biron ya fito baƙi a kwafin, amma rubutuna ne, har da yadda nake ja wa bakwai sanda a tsakiya. Katin nan bai taɓa kwana nesa da ni ba sai kwana huɗun da ya yi a durowa.

Saurayin ya tambaye ni ko na san mutanen nan. Na ce na san su. Ya ce su ba su da ikon tayar da wanda meri ta rubuta ya mutu, sai kotun garin da aka rubuta rasuwar ta soke takardar. Kafin nan ba za su biya ni ba, ita ma matar za su dakatar da nata. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi.

Kafin in fito labari ya riga ni zuwa benci. Tsohon malamin makaranta ya tashi ya miƙo mini hannu ya ce Allah ya jiƙanka, ya kake jin ƙasar? Wani ya ce in yi musu bayanin ko ana biyan fansho a can, in ana biya su ma su taho. Na yi murmushi, domin in ban yi ba kuka zan yi. A gida ma maiɗakina ta fara da salati, amma da yamma da ta kawo abinci sai ta ce, "Marigayi, ga tuwonka." Ita haka take, da dariya take ɗaukar abu mai nauyi.

Washegari na buga wa yaron. Tambaya ɗaya na yi masa, ko ya kai takardar meri. Ya ce ya kai, a yi masa afuwa, motar ce ba za ta iya aiki da sunan mamaci ba kuma lodin albasa ba ya jira. Amma maganar fansho, ya rantse da Allah bai san ta inda suka ji ba. Ya ce na'ura ce, yanzu komai a haɗe yake daga Dapaong har Lome. Maganar kwafin katin ta zo mini har kan harshe, na haɗiye ta. Na sha ɓoye magana a rayuwata saboda tsoro. Wannan ne karo na farko da na ɓoye ta don ina da amfanin da zan yi da ita.

Na shigar da ƙara a Dapaong, aka ce in jira a kira ni. Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Maiɗakina ta koma sayar da koko da ƙosai a bakin ƙofa, abin da ta bari tun ƙafafunta suka fara kumbura. 'Yarmu da ke Lome tana aiko abin da ta iya, ita ma da nata nauyin. Maganin hawan jinina na koma shan rabi. In aka yi rasuwa a unguwa aka zagayo da faranti, sai in yi kamar ina gyara hula har ya wuce. Duk da haka kowane ƙarshen wata sai na je benci na zauna, don kada a ce na yarda na mutu. Ina kallon 'yan'uwana suna shiga suna fitowa suna cusa hannu a aljihu, ni kuwa ina zaune ina tunanin yaron nan yana buɗe jakata, yana zaɓar katin, yana zuwa shagon kwafi ranar da ake karatun Alƙur'ani wa ubansa, yana dawowa ya mayar da shi daidai inda ya ɗauka don ya san zan ƙirga. Ko a cikin sujada nakan tsinci kaina ina jera maganar da zan faɗa a gaban alƙali, sai in yi istigfari in sake sallar. Akwai ranar da na sake la'asar sau uku.

A wata na huɗu da tsayar da fanshona yaron ya zo Sokode tare da kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, wani alhaji ɗan kasuwa daga Camba. Sun kawo buhun shinkafa da zabi. Bayan gaisuwa yaron ya fara da tasa dabarar. Ya ce tunda abin ya riga ya faru, me zai hana in janye ƙarar, mahaifiyarsa ta riƙa karɓar rabon, su aiko mini da shi duk wata, su cika mini sauran daga kuɗin mota. Ya ce na huta da bin layi ma. Na tambaye shi, ranar da na mutu mutuwar gaske, wa zai kawo wa wannan baiwar Allah da ke bakin murhu nata? Ya juya ya dubi kawunsa.

Alhajin ya fi shi wayo. Ya ce a bar wannan, akwai hanya mai tsabta. In je gaban alƙali in ce mu mutum biyu ne daban masu suna ɗaya, kowa da takardarsa, wajen rubuta rasuwa ne aka cakuɗa sunayen iyaye. Ya riga ya samu dattawa biyu daga tasha da za su ba da shaida. In aka yi haka takardar rasuwa kaɗai za a gyara, fanshona ya dawo, sauran takardun gidan kuma ba wanda zai taɓa su. Ya ce, "Malam, a rufa wa mamaci asiri, a rufa wa marayu. Kai ma ka san in aka tona, hannunka na ciki." Na ce, "Allah ya kai mu ranar." Suka shafa, suka tashi da fara'a.

Bayan sun tafi na yi ta juya maganar, ko na yi alkawari ne ban sani ba. Na auna ta ta kowane gefe, na ga ban ce na yarda ba, addu'a kawai na yi. Maiɗakina ta dafa zabin, ban ci ba, shinkafar ma na ce kada a buɗe ta, don ina tsoron ta zama kuɗin shaida.

A benci na sami tsohon magatakardan kotu na ce masa akwai wani mutum da na sani, ya ara wa ɗan'uwansa jujuma tun suna samari, in ya faɗi gaskiya a kotu me zai faru? Ya ce duk abin da aka gina a kan takardar a wancan gidan zai rushe, aure da haihuwar yara da mota, sai an sake su daga tushe. Shi kuma mai aron doka tana iya hawa kansa, ko da yake tsufa da daɗewar abin sukan sa a sassauta. Sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce in gaya wa mutumin nawa ya tafi da bargo, ba a san yadda za ta kaya ba. Kwana uku na yi ina zawo.

Maiɗakina ta ce in bi hanyar alhaji. Ta ce matar ɗan'uwana ba ta karatu, yatsa aka ce ta dangwala ta dangwala, ga kuma autar gidan tana shirin jarrabawa. Ta ce, "Malam, kuɗinka kake nema ko kan yaron?" Na ce mata ba zan iya rantsuwa a kan ƙarya ba. Gaskiya ne ba zan iya ba. Amma ba ita ce amsar tambayarta ba, kuma ta sani.

Da ranar ta zo na tafi Dapaong da jakata da bargo. Ban sauka gidansu ba, na sauka wurin wani tsohon abokina a zango, na ce musu gidansa ya fi kusa da kotu kuma bayana yana ciwo. Duka biyun gaskiya ne. Da safe na tarar da su a harabar kotu, yaron da alhajin da dattawan tasha biyu, kowanne da sabuwar hula. Yaron ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙa hannu zai karɓar mini jaka. Na ce ya bari, ba ta da nauyi.

Alƙalin mace ce. A ofishinta aka shigar da mu, ni da yaron, dosiyen ofishin fansho yana gabanta don ta aika an kawo shi. Na roƙi a bar ni in yi Hausa, domin Faransancina yakan gudu in na tsorata. Aka kira wani tafinta Bamobe, ɗan ƙabilar yankin, mai Hausar kasuwa, wanda kowa "shi" ne a bakinsa, har alƙaliyar. Ya ce, "Shi ya ce, kai da mai mutuwa, yaya ne?"

Na buɗe jaka na ciro ainihin jujumar, wadda ya dawo mini da ita tun da daɗewa, ta yi launin ƙasa don tsufa, na ajiye ta a tebur. Na ce takarda ɗaya ce, mutum biyu. Tawa ce, ni na ba shi da hannuna da umarnin mahaifina, shekara arba'in da suka wuce. Na faɗi sunan uban mamacin na gaskiya da na uwarsa. Na ce bai taɓa yin aikin gwamnati ko na yini ɗaya ba, direba ne, kuma mutumin kirki ne.

Nan ya kamata in tsaya, don iyakar abin da aka tambaye ni ke nan, kuma ya isa ya dawo mini da fanshona. Ban tsaya ba. Na roƙi alƙaliya ta buɗe shafin da kwafin katin yake. Na ciro katin na ajiye kusa da shi, na nuna mata rubutuna. Na faɗi ranar da na ja yaron bayan mota da abin da na gaya masa, da ranar da ya karɓi jakar, da ranar da ya dawo da ita. Na ce mahaifiyarsa ba ta karatu, kada a kama ta. Na faɗi maganar da ya kawo mini Sokode ta in zauna a matsayin mamaci su riƙa aiko mini. Na ce akwai dattawa biyu a waje da aka kawo don wata shaida, amma ni ban san abin da suka gani ba. Muryata ba ta yi rawa ba ko kaɗan, abin da har yau yake ba ni mamaki.

Yaron ya juyo ya ce a hankali, "Baba, ka kashe mu."

Na ce, "Kai ka fara."

Alƙaliya ta yi mini faɗa mai tsawo, tafinta yana juyawa yana ragewa, amma na ji Faransancin da kaina. Ta ce mutum kamar ni da ya yi aikin ofis bai kamata ya zauna a kan wannan shekara arba'in ba. Na ce haka ne, ranki ya daɗe. Ba ta tsare ni ba. Yaron ne aka riƙe saboda maganar neman fansho, ya yi 'yan kwanaki kafin kawunsa ya fito da shi. Da na fito harabar, dattawan tasha sun riga sun sulale. Na koma da bargona a naɗe yadda na zo da shi. A mota, tsakanin Mango da Kante, na sayi dafaffen ƙwai biyu na ci da yaji, ban san rabona da jin daɗin abinci haka ba.

An soke takardar rasuwa, an soke auren merin da ke kan sunana. A ƙarshen wata na bakwai matar da ke taga ta buga lambata, ta yi murmushi, aka biya ni har da na watannin da suka wuce. 'Yan benci suka tarbe ni da lale marhabin, suna tambayar ya na baro mutanen can. A makon na ɗauki maiɗakina da shaidu biyu muka je meri aka ɗaura mana aure, da furfurarmu, tana ta dariya tana cewa ba a ba ta lefe ba. Yanzu in na mutu rabonta yana nan da sunanta. Buhun shinkafar kuma na sa a mota na mayar wa alhaji Camba, ɗinkinsa bai motsa ba.

A Dapaong motar tana ajiye a gefen tasha. Ba za a iya mayar da ita sunan magada ba, domin a takarda babu mutumin da ya mallake ta. Wani direba da ke biyowa ta Sokode ya ce mini tayoyinta biyu sun sace, awaki suna kwana ƙarƙashinta, shi kuma yaron yana bin motocin wasu yana neman ranar aiki. Na tambaye shi wane gefe ne tayoyin suka sace. Ban san amfanin da sanin zai yi mini ba, na dai so in ga abin sosai a raina. Autar gidan kuma an dawo mata da takardun jarrabawa, ta rasa shekarar. Wannan ba na jin daɗinsa, kuma ba zan ce ba hannuna a ciki ba.

Kafin su gyara komai sai an yi wa mamacin jujumarsa ta gaskiya, da sunan ubansa da uwarsa, kuma kotu ta ce sai da shaidar wani daga dangin uba wanda ya tashi tare da shi. Duk sun mutu. Saura wata gwaggonmu a Manduri wadda ba ta gane ko 'ya'yanta, sai ni. Alhaji ya aiko sau biyu. Matar ɗan'uwana ta bugo tana kuka, na ba ta haƙuri na ce zan zo. Yaron ma ya bugo, ya ce, "Baba, na tuba." Na ce na ji, zan zo. Ban faɗa wa kowa yaushe ba. Ni na san yaushe. Wata bakwai na yi ba ni da rai a takarda, shi ma zai yi bakwai yana jiran tsohon da ya binne.

Limamin unguwarmu ya kira ni ya ce ɓoye shaida babban zunubi ne. Na ce masa ban ɓoye ba, jinkirtawa na yi. Ya ce in ji tsoron Allah, na ce Malam, ai ban iya komai ba sai tsoro. Amma maganarsa ta zauna mini. Na tambayi tsohon malamin makaranta yaushe ake rufe karɓar takardun jarrabawar baɗi, na lissafa na ga akwai sarari bayan wa'adina, in kotu ba ta ja ba. In ta ja fa, shi ne abin da ban sani ba, kuma yana damuna. Sannan ga hawan jini. In na faɗi kafin lokacin, ɗan'uwana da nake so zai zauna har abada ba suna ba iyaye, saboda ni.

Don haka na zauna na rubuta shaidar da hannuna, da Faransancina na aji shida, tsohon magatakarda ya gyara mini, na kai meri aka buga hatimi a kan sa hannuna. Na ba maiɗakina na ce ta ajiye, in na mutu ta aika Dapaong a ranar, tun kafin a yi mini wanka. Ta karɓa ta ce tunda an riga an rubuta, me zai hana ta aika gobe kowa ya huta? Na ce a'a. Yanzu wata biyar ke nan, saura biyu.